Babin da Kawu Ya Karanta wa Mai Faci

Kawuna bai iya zama ba. Ban ce ba ya son zama ba, cewa na yi bai iya ba. In ka miƙa masa kujera sai ya ɗora hularsa a kai, shi kuma ya ci gaba da sintiri daga ƙofa zuwa taga, hannuwa a baya, kamar kaza mai neman inda za ta yi ƙwai. A haka ya rubuta littattafansa na yaƙi duka. Ko da yake rubutun ma ni na yi. Shi dai yawo yake a cikin ɗan shagona na buga takardu, tsakanin injin kwafi da firjin lemo, yana faɗa ina bugawa, masu kawo mini aiki suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran ya kai aya.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, goge 'muka gudu'. Sa 'muka ja da baya'."

Na goge. Ya je taga ya dawo.

"A'a, mayar da shi yadda yake. Gudu muka yi, har da faɗuwa."

Yana saurayi ya shiga soja, kuma da bakinsa ya ce ba kishin komai ya kai shi ba, takalmi ya gani a ƙafar wani ya ba shi sha'awa. Da aka ga ya ɗan taɓa makaranta, muryarsa kuma tana fita tas, sai aka ɗora masa rediyo. Ya yi yaƙinsa da akwatin ƙarfe a baya, waya a kunne, yana bin kwamanda duk ramin da ya faɗa. In aka tambaye shi mutum nawa ya harbe, sai ya ce bai san ko akuya ya taɓa samu ba, shi da kunne ya yi yaƙi. Bayan an ajiye makamai ya samu aiki a gidan waya yana haɗa wa mutane layin tarho, har aka kawo na'urar da ke yin aikin da kanta, aka sallame su da godiya. Ya dawo gida ya addabi matarsa, Inna, da zirga-zirga. Ita ta koro shi shagona, ta ce in samar masa abin yi kafin ya cinye mata simintin tsakar gida da takalmi.

Yana da wata doka guda wadda ta sa na tsani littattafan nan kafin in so su. Duk babin da ya gama, ba ya kai shi maɗaba'a sai ya nemo mutumin da labarin ya shafa, ya tsaya a gabansa ya karanta masa daga farko har ƙarshe. In mutumin ya ce haka aka yi, shi ke nan. In ya ce ba haka ba ne, mu dawo mu gyara. In ya rasu, a karanta wa matarsa ko ɗansa. Ni ce 'yar rakiya, ni ce mai riƙon jakar takardu, ni ce mai kulle shago in bi tsoho tasha-tasha ina shaƙar hayaƙi. Akwai wani tsohon saje da muka wuni a mota kafin mu same shi. Ya saurari babin ido a rufe, sannan ya ce komai daidai ne, sai dai ruwan sama bayan harbin ya sauko, ba kafin ba. Kawu ya yi ta murna kamar an yi masa kyautar riga. Ni kuwa da na samu sarari da na haɗa kawunansu na gwara.

Amma dokar ta yi masa rana. Tsofaffin sojojin da ba sa yarda da ko agogon hannunsu suka yarda da shi. Ana sayar da littattafan a tasha, ana karanta su a rediyo, malaman makaranta suna zuwa shagon su gaishe shi su tafi ba su ba ni aikin komai ba. In gardama ta kaure tsakanin tsofaffin, sai wani ya ce a duba littafin Mai Rediyo, magana ta mutu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, kuma a garinmu yake. Mai faci ne a bakin babbar tasha, a soja kuwa direba ne. Shekara da shekaru, duk wanda ya kawo masa taya, in hira ta yi hira sai ya ji labarin gada: yadda suka yi ta kira a rediyo ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, wani matsoraci yana can baya da waya a kunne ya ƙi amsawa. Ba ya ɓoye wanda yake nufi. Ni kaina tun ina ƙarama na sha jin an ce, waccan 'yar gidan wanda ya ƙi amsawa ce. Kawu kuwa, da ya rubuta komai na yaƙi har ƙwarƙwata da takalmi mai cizo, bai taɓa rubuta gada ba. In hanya ta biyo da shi tashar sai ya zaga ta bayan kantuna.

Sai a littafin ƙarshe, bayan tari ya kama shi, likita kuma ya fara jan Inna gefe yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, Kawu ya shigo shago wata safiya ya ce in buɗe sabon babi.

An ajiye wasu 'yan sojoji su tsare wata ƙaramar gada. Direba, wato mai facin nan, ya kai musu ruwa da harsasai, bai kai ga juya motarsa ba aka buɗe musu wuta. Mai rediyonsu shi aka fara samu. Direba ya rarrafa ya ɗauki wayar, shi da bai taɓa riƙe ta ba a rayuwarsa. Ita kuwa wayar soja ba kamar tarho take ba, da mutum biyu za su yi ta surutu a lokaci guda. Akwai maɓalli a jikinta. Ka danna ka yi magana, ka saki ka ji amsa. Muddin yatsanka na kai, kowa zai ji ka, kai ba za ka ji kowa ba. Direba ya damƙi wayar da hannu biyu, ya danne maɓallin, bai sake shi ba.

"Kwamanda ya ce su janye ta cikin kwari, hanya a buɗe take," in ji Kawu. Yana tsaye a taga, ya ba ni baya. "Na faɗa. Na sake faɗa. Na yi ihu har muryata ta dushe, saki maɓallin, ɗan'uwa, saki maɓallin. Aka tura mutum da ƙafa, bai kai ba. Ina jin komai, Uwata. Ina jin numfashinsa. Ina jin wani yana kiran sunan 'yarsa. Shi kuma ya roƙe ni, ya zage ni, ya sake roƙona. Har batir ya mutu."

Direba kaɗai aka samu da rai, a ƙarƙashin motarsa, ƙafa ɗaya a ragargaje. Kawu ya je asibiti don ya yi masa bayani, ya tarar an ɗaure shi a jikin gado don kada ya yi wa kansa lahani. Direba ya tofa masa yawu. Kawu ya share fuskarsa ya fito bai yi bayanin ba, kuma daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Kwamandan ya daɗe da rasuwa. Ba wanda ya rage da ya san abin da ya faru sai Kawu, yanzu kuma sai ni.

Na gama bugawa. Amma gaskiya ba tausayi ne ya fara zo mini ba, haushi ne.

"Wato duk zagin da mutumin nan ya yi ta zabga maka, yatsansa ne? Haba Kawu. Tashi mu je yanzu. Ai dokarka ce."

"Dokata ce," ya ce. Ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

Daga ranar abin ya tsaya mana a maƙogwaro. Babi ba ya shiga littafi sai an karanta wa mai shi. In an karanta, an gaya wa gurgun tsoho cewa hannunsa ne ya toshe hanyar da za a ceci 'yan'uwansa. In ba a karanta ba, Kawu zai bar duniya da sunan matsoraci a bakin duk direban da ya taɓa yin faci a tashar nan. Mai maɗaba'a ya dame ni da waya. Tari yana ƙaruwa. Kawu ya daina cin abincin kirki, sintirin ya ninka, har Inna ta ce maƙwabta sun haddace ƙarar takalminsa. Mun shirya mun fita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mu kai kwanar tashar, mu hango rumfar da tulin tsofaffin tayoyi, sai ya tuna yana da saƙo a kantin magani. Wata rana har tsintsiya ya tsaya ya saya, don dai ya samu dalilin juyawa. Muka dawo gida ina gaba yana baya da tsintsiyarsa a hammata, Inna ta dube mu ta karɓi tsintsiyar.

"Kawu, ni fa na gaji," na ce masa. "Ko ka karanta masa, ko in kai masa da kaina."

"Bai iya karatu ba."

"Ni ai na iya."

Ya tsaya cak a tsakiyar shago ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Kada ki kuskura."

Washegari shi ya riga ni zuwa ƙofar shago, da riga mai guga, ya ce in ɗauko takardun.

Rana tsaka muka isa. Tasha ta cika, masu lodi suna ta kiran fasinja, injin iska yana ta ɓaɓatu a ƙarƙashin rumfar kwano. Ga bahon ruwa baƙi ƙirin da ake tsoma robar taya a nemo huji. Mai Faci yana zaune a kan wata tayar babbar mota, ƙafar da ta lalace a miƙe, yana ɓamɓare taya da dogon ƙarfe. Wani magidanci mai kama da shi yana ba wata mota iska.

"Direba, sannu da aiki," in ji Kawu.

Bai ɗago ba. "Ikon Allah. Ashe kana da murya."

"Na rubuta gada. Na zo in karanta maka."

Mai Faci ya daina aikin. Ya yi wa magidancin alama ya kashe injin, wurin ya yi tsit har sai da kunnena ya yi ƙara.

"Wannan babban ɗana ne," ya ce. "Sunan kofur ɗinmu na sa masa. Ƙannensa ma duk sunayen mutanen gada gare su. Ni kaɗai na rage in riƙe su. Zo nan ka tsaya, ka ji abin da zai ce."

Direbobin da ke jiran faci suka matso. Mai sayar da ruwa ma ta sauke tirenta. Na miƙa wa Kawu takardun, ina jin daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Na ce yau za a wanke mu a gaban jama'a.

Ya fara karantawa da muryar nan tasa ta rediyo, ina bin sa a zuci, don kowace kalma ta bi ta yatsuna. Ruwa da harsasai, daidai. Wutar farko, daidai. Direba ya rarrafa ya ɗauki waya, daidai. Mai Faci yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi. Sai na lura da hannunsa. Ya damƙe ƙarfen ɓamɓarar nan tamau, babban yatsansa ya danne har farcen ya yi fari, shi bai ma san yana yi ba. Kawu ma ya gani.

Ya kai layin maɓalli, sai tari ya sarƙe shi. Ya yi tari mai tsawo, ya share baki da hankici. Sannan ya ci gaba, ido a kan takarda, yana bin layi da yatsa, yana karanta abin da babu shi a wurin.

"Na ji kiransa. Kwamanda ya ba ni umarni in ce su janye. A daidai nan igwa ta faɗi kusa da raminmu, na jefar da wayar na cusa kaina cikin ƙasa. Ina jin muryar Direba tana fitowa daga wayar a gefena, na kasa miƙa hannu in ɗauka. Tsoro ne ya kama ni. Ko da na dawo hayyacina, layin ya mutu. Direba ya yi duk abin da soja zai yi."

Na buɗe baki. Ya take mini ƙafa da takalminsa, ko kallona bai yi ba, ya ƙarasa babin.

Mai Faci ya daɗe yana kallon ruwan bahon.

"Na san haka aka yi," ya ce. "Na sha faɗa, wasu suna cewa na zautu." Ya dubi ɗansa. "Ka ji da kunnenka ko?" Ya ajiye ƙarfen a hankali, muryarsa ta yi ƙasa. "Wani lokaci nakan zauna in ce ko ni ne na yi wani abu ba daidai ba. Ko ban iya kiran ba. In abin ya zo mini ko abinci ba na iya haɗiyewa."

"Kiranka ya iso," in ji Kawu. "Tas na ji ka."

"To tafi. Na ji. Amma kada ka nemi komai a wurina yau."

Ban bari mun fita daga tashar ba na tare gabansa, a tsakanin motoci biyu.

"Ƙarya ka yi."

"Ƙarya na yi."

"Kai da ka sa na wuni a mota saboda ruwan sama."

"Ki buga shi yadda na karanta."

"Wallahi ba zan buga ba. Cire babin gaba ɗaya, ai ya riga ya ji abin da yake so."

"A gaban mutane na karanta. In littafi ya fito babu shi, za a tambaya. In ya fito da wani abu daban, ɗansa ya iya karatu."

"To sunanka fa? Inna fa? Mu da za mu rage a garin nan fa?"

Ya zaga ni ya ci gaba da tafiya, dole na bi shi da sassarfa, jaka tana dukan ƙafata.

"Ni tafiya zan yi, Uwata, kin ji abin da likita ya ce ko da ba a gaya miki ba. Shi kuwa Direba da sauransa. Kuma kullum safiya sai ya kira sunayen nan a cikin gidansa."

Na yi fushi da shi sosai. Na daina gaishe shi, na daina ajiye masa lemo, shi kuma kullum sai ya zo ya yi sintirinsa a shago kamar ba a yi komai ba, yana tari, yana jira. Ranar da tarin ya durƙusar da shi a gaban injin kwafi na buɗe babin na goge, na ce faɗi. Na buga ina kuka, ina dukan haruffan kamar su suka yi mini laifi.

Littafin ya fito, kuma ya fi sauran kasuwa, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Wasu suka ce kai, wannan tsoho akwai gaskiya, ko kansa bai rufa wa asiri ba. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke aiko masa da mota in za a yi taro ta daina aikowa. Wata tsohuwa, ƙanwar ɗaya daga cikin mutanen gada, ta zo har ƙofar gida ta tsaya ta faɗi abin da ke cikinta, Kawu yana tsaye hula a hannu yana cewa ki yi haƙuri. Ina jin su daga ɗaki, na ciji leɓe har na ji gishirin jini.

Ranar Inna ta same ni a kicin ina wanke kofuna da ƙarfin da ba sa buƙata.

"Ki bi a hankali kada ki fasa mini," ta ce. Can ta ƙara, ba ta dube ni ba: "Kina tsammanin ban sani ba? Tun ina amarya nake jin abin da yake faɗa cikin barci. Wanda ya jefar da waya ba ya cewa a saki maɓalli."

"To me ya sa kika yi shiru, Inna?"

"Shi ya san abin da ya gani a tashar. Miƙo mini tsumman can."

Ba zan ce ya samu natsuwa ba, don bai samu ba. Sintirin yana nan, sai dai ya gajarta, daga gado zuwa ƙofar ɗaki, yana dafa bango. Kullum sai ya tambaye ni ko wani ya zo shago nemansa. Na san wanda yake nufi. Bai zo ba, har Kawu ya cika.

Muna zaman makoki, gida cike da mutane, aka ce ana sallama da 'yar da ke buga masa rubutu. Na fito na tarar da Mai Faci a tsakar gida, ya dogara da sandarsa, 'ya'yansa maza a bayansa, duk sun yi wanka sun sa kaya masu kyau. Inna ta biyo ni ta tsaya a gefena. Mutane suka zuba mana ido, don kowa ya san labarin.

"Na so in faɗa masa yana da rai," in ji Mai Faci. "Na sa takalmi na cire, na sa na cire, zuciyata ta ƙi. Yanzu ga shi na makara. Ke kika ji karatun, ke za ki zama shaida. Na yafe masa. Ya ji tsoro ranar, amma ya yi ƙarfin halin faɗa a gaban ɗana. Ba kowa zai iya ba."

Maganar ta taso mini har bakin haƙora. Duka tana nan, layi-layi, yadda na fara buga ta. Sai na ji hannun Inna ya kama wuyan hannuna ya matse. Na dubi tsohon, idonsa ya yi ja, amma fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya sauke kaya.

"Mun gode, Baba," na ce. "Allah ya saka da alheri."

A rayuwata ban taɓa furta abin da ya yi mini ɗaci kamar godiyar nan ba. Ya ce ƙafarsa ta gaji, ko akwai inda zai ɗan zauna. Na shiga ciki na ɗauko masa kujera da ruwan sha.